Goran Baba Mantau

Ku gyara zama. Wanda ya zo da gardama ya riƙe abarsa tukuna, akwai inda zan ba shi fili ya zazzage ta. Wannan labarin Tafkin Chadi ne, don haka wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi na randar gidansu ba, ya yi mini shiru har in kai aya.

A can cikin tafkin akwai wani tsibiri, irin wanda mutanen wurin ke kira tumbu, sunansa Tumbun Shirwa. A da gari ne sosai, da masallaci da mahauci da mai shayi. Sai ciyawa ta toshe mashigi, jiragen kasuwa suka daina biyowa, mutane suka riƙa cire jinkar ɗakunansu ɗaya bayan ɗaya suna komawa Doron Tsamiya a bakin gaɓa. Aka watse, aka bar mutum guda, wani tsohon masunci, Baba Mantau. Matarsa tana kwance a ƙasar wurin, 'ya'yan da suka haifa duk sun riga su tun suna ƙanana. Shi zai kira salla, shi zai tayar, shi zai ja, ya yi sallama dama da hagu babu kowa sai gorunan kamun kifi da ke jingine da bango.

A zamanin da tumbun ke cike, shi ne mai duba hadari. Kafin kowa ya kwance jirgi sai an leƙa an ce, "Baba, yaya gabas?" Ya ɗaga kai ya duba, ya ce a tafi, ko ya ce a ɗaure. Daga baya rediyo ta ɗauki aikin, masu tambaya kuma suka ƙaura. Sannan yanar ido ta fara rufe masa gani a hankali, har sama ta koma masa kamar farin ƙyalle. Bai faɗa wa kowa ba. Wa ma zai faɗa wa?

To, ku san halin tafkin nan da bazara. Ba shi da zurfi, kuma abin da ba shi da zurfi shi ya fi saurin fushi, ko a cikin mutane haka ne. Da safe zai kwanta lumui kamar mai a kasko, zafi ya dafa ka ta sama ya dafa ka ta ƙasa. Can sai gabas ta haɗe rai. Wata iska mai sanyi ta shafo maka ƙeya, kafin ka naɗe koma raƙuman ruwa sun miƙe gajeru gajeru, suna marin jirgi babu numfasawa. Akwai kuma wani abu da baƙo ba ya sani. Ba duk koren da ka hango ne ƙasa ba. Akwai tarin ciyawa mai kauri da ke yawo a kan ruwa, saiwarsa ba ta kama komai ba, ana ce masa kirta. In iska ta kwanta, zai zauna wuri guda wata da watanni har ka rantse tsibiri ne.

Ran nan da la'asar Baba Mantau yana can wajen tarkunan kifinsa sai ya ji sanyin nan a ƙeya, ya ji ƙanshin ƙasa. Da yana gani, da tun azahar ya san abin da ke tafe. Ya lura ba zai kai gida ba, sai ya yi abin da kakanninsa ke yi: ya kutsa jirgi cikin ciyawar gaɓa, ya ɗaure tamau, ya kwanta a ciki ya jira. Dabarar daidai ce. Gaɓar ce ba gaɓa ba. Kirta ne, idonsa bai rarrabe masa ba. Hadari ya sauko da tsawa, iska ta ciccibi kirtan da tsoho da jirgi ta yi yamma da su. Jirgin ya matse tsakanin ciyawa ya dare. Tsohon ya rarrafa ya hau kan kirtan, rungume da babban goransa na su, wanda masunci ke kifa ciki a kai ya yi iyo. Gari ya waye masa a inda bai sani ba, ruwa har ƙugu, ciyawar tana nutsewa da shi kaɗan kaɗan. Ya yi kira har murya ta dushe. Tsuntsaye ne kawai suka amsa.

Yanzu ga mutum uku, ku riƙe su da kyau.

Ta farko Kande, mai bandar kifi a Doron Tsamiya. Mijinta ya rasu, 'yarta guda aure ya kai ta ƙasa mai nisa, gidan daga ita sai rediyo da ke rataye a turken banda. Ba ta taɓa komawa Tumbun Shirwa ba tun da ta baro shi, ban ɓoye muku wannan ba. Amma kullum da safe in ta hura wuta sai ta dubi ruwa, ta hango wani siririn hayaƙi can nesa kamar zare, ta ce a ranta, "Baba ya tashi." Gaisuwarsu ke nan shekara da shekaru, shi bai ma san ana yi ba. Wannan safiyar ta duba, babu zare. Ta jira har hantsi, babu. A daidai nan rediyo ke faɗin hasashen yanayi: wani hadarin na tafe daga gabas da yamma, ya fi na jiya iska da tsawa, kada kowa ya kasance a kan ruwa bayan azahar. Ta bar kifi a kan wuta ta nufi bakin ruwa.

"Baba Mantau bai hura wuta ba yau," in ji ta.

Wani daga cikin masu gyaran koma ya ce, "Ƙila azumi yake yi."

"Azumi na hana banda? Ku dai ku ce tsoro kuke ji, sai in san da mata 'yan'uwana nake magana."

Aka yi dariya, amma ba wanda ya motsa, kuma ban ga laifinsu ba, kowa ya ji rediyo. Sai ta taka ta shiga jirgin inji guda da ke wurin, ta zauna daram a kan buhunan fasinja.

Mai jirgin shi ne na biyu, Kyari, Babarbare, wanda ya zo garin tun yana saurayi, babu uwa babu uba babu dangi. A cikin jirgin yake kwana. Injin nan shi ne gonarsa, shi ne garkensa.

"Yaya Kande, sauka mini daga kan kayan mutane, kasuwa za ni tun kafin sama ta ɓaci."

"Sai dai ka haɗa da ni ka sayar. Ba kai ke cika mana baki injinka ya fi iska gudu ba? To ga iska ga ka."

Kyari ya dubi gabas, ya dube ta, ya yi tsaki. Sannan ya ba fasinjojinsa haƙuri, ya sauke buhunansu da hannunsa. Ya ce mata ita ma ta sauka, jirgin da zai yi tsere da hadari ba ya son nauyi. Yana jan igiyar inji sai ga wani ya faɗo ciki da lauje a kafaɗa, ba a kira shi ba.

Wannan shi ne na uku, Barmo, mai yankan ciyawar zana. Yana da i'ina mai tsanani, yara suka yi ta kwaikwayonsa har ya zaɓi sana'ar da ba a magana a cikinta. Wuninsa a cikin ciyawa yake, shi kaɗai. Suka isa Tumbun Shirwa, ɗaki a buɗe, murhu da sanyi, babu jirgi. Suka je wajen tarkunan, babu kowa. Kyari ya ce su zaga tsibiran kusa, in ba su gan shi ba su juya. Barmo ya riƙe masa hannu, ya nuna wani fili na ruwa fetal. Da ƙyar ya fitar da maganar: "Ki... kirta. Jiya a nan yake." Ya san shi, don daga jikinsa yake yanka tun farkon rani. Ya nuna yamma, wajen wani lungu da iskar gabas ke tara duk abin da ta kwaso.

Da suka kai, sai ga kirta sun fi a ƙirga, sun cushe da juna, kore ɗaya, tsayi ɗaya. In da ni da ku ne, da mun yi ta kira har hadari ya cim mana. Barmo bai kira ba. Ya tsaya a goshin jirgi yana duba gefen kowanne, har ya ga wanda ke da askin laujensa, yanka a karkace irin nasa na bahago. Kirta ba ya ɗaukar mai tsayuwa, don haka ya kwanta rub da ciki ya ja jiki, ciyawa na tsaga masa fata, har ya iske tsohon, ruwa ya kai masa ƙirji, hannuwansa sun sandare a kan goran. Ya ɗora shi a bayansa ya jawo shi.

Kafin su fito, gabas ta yi baƙi ƙirin. Nan aikin ya koma hannun Kyari. In ya ba raƙuman ruwa gefe, sun kife. In ya fake a ciyawa, abin da ya sami jirgin tsoho zai same su. Sai ya juya goshin jirgi ya fuskanci iskar, ya riƙe shi a haka, tsawa na fashewa a kansu, ruwa na shigowa Barmo na kwarfewa da ƙwarya. Inji yana kuka yana tari, Kyari ya san yana kashe shi, bai sassauta ba. Sai da iskar ta wuce sannan injin ya yi shiru, shirun da bai sake tashi daga shi ba har yau.

Suka koma tuƙi da filafili, ga rana ta yi ƙasa, ga hadari ya sauya wa kirta zama, duk mashigin da suka sani ya rufe. Suna ta zagaye wuri guda sai suka hango hayaƙi baƙi murtuk ya miƙe sama. Kande ce. Ta kwashe itacenta kaf ta zuba a banda, ta danna ɗanyar ciyawa a kai, kifin da ta tara na kasuwa ya ƙone ƙurmus a ciki. Hayaƙin suka bi har gaɓa.

Da Baba Mantau ya dawo hayyacinsa, aka zaunar da shi a gindin tsamiya, ya sa aka miƙo masa goran. Masuntan wurin suna da al'ada. In tsoho ya gama da ruwa, yakan miƙa goransa ga ɗansa, kuma wanda ya karɓi gora ya karɓi mai shi: a gidansa zai zauna, shi zai ci da shi, shi zai tsaya a kan gawarsa, shi kuma zai gaji wurin kamun kifinsa.

"Ba na gani," in ji tsohon. "Na daɗe ba na gani. Ba zan koma ba. Ɗa kuwa ba ni da shi. Ban ce dole ba, amma in akwai mai so, ga shi."

Ya ɗauka shiru zai ji, don shiru ya saba ji. Sai ya ji murya uku.

Kande ta ce, "Baba, ɗaki yana nan a share. Na gaji da dafa tuwon mutum ɗaya. In an ce mace ba ta karɓar gora, a nuna mini namijin da ya lura da hayaƙinka."

Kyari ya ce, "Baba, tun da na zo garin nan ba wanda ya taɓa ce mini ɗana. Inji ya tafi, ban yi kuka ba. Ka koya mini sana'ar su, in gina mana ɗaki a tudu."

Barmo ya buɗe baki, maganar ta sarƙe. Ya yi ta fama, jama'a na jira, ba wanda ya yi dariya. Daga ƙarshe ya durƙusa ya ɗora hannunsa mai tsagar ciyawa a kan goran, ya bar shi a nan.

Tsohon ya zauna da gora a cinya, yana juya fuska wajen wannan, ya juya wajen wancan, ba ya ganin ko ɗaya.

To, ga filin da na yi muku alkawari. Amma kada wani ya ce mini a raba, gora in an raba shi sakaina ya zama. Kada kuma mai wayo ya ce tsohon ya riƙa zagayawa gida gida, mutum ba turmin aro ba ne, wanda ya yi shekaru shi kaɗai ƙofa guda yake nema da za a ce tasa ce. Ba don Kande ba, da ba wanda ya san ya ɓata, kuma da ba su ga gaɓa ba. Ba don Barmo ba, da sun wuce shi yana nutsewa a bayan ciyawa. Ba don Kyari ba, da ba a je ba, ba a dawo ba. Kuma duk wanda aka hana, ɗakin da babu kowa zai koma.

Ku faɗa mini, a hannun wa Baba Mantau zai sa goran nan?