Baƙon da Tonderai Ya Kora da Bakinsa

Akwai wani mutum mai suna Tonderai, yana da sansanin farauta a bakin kogi, kudu da Hwange a ƙasar Zimbabwe. A duk yankin babu wanda ya fi shi iya bin sawun ɓauna. Aibinsa ɗaya: ba ya son jin sunan Garikai.

Tare suka koyi aikin, shekara goma sha biyu suna bin daji ɗaya. Da kowa ya buɗe nasa sansanin, sai baƙi suka fi zuwa wurin Garikai. Ya yi sabbin bukkoki, ya sayi mota ta biyu. Duk ranar da motar ta wuce cike da Turawa, Tonderai ba ya iya cinye sadzarsa, wato tuwon masara.

"Baban Rudo, ka ci abinci mana," matarsa ta ce masa wata rana. "Motar ba a kanka ta bi ba."

"Mutumin da ni na koya masa bambanta sawun sa da na saniya! Yau shi ne babba?"

A farkon rani wani dattijo ɗan Sifaniya mai suna Anselmo ya iso. Burinsa ya harbi tsohon ɓauna guda kafin ƙafafunsa su gaza, kuma ya ce ba zai zaɓi mai kai shi daji ba sai ya zauna da shi ido da ido.

Tonderai ya tarbe shi da gasasshen nama. Dattijon ya duba takardun izini, ya leƙa bukkoki, ya tambayi nisan asibiti idan wani ya ji rauni. Komai ya yi masa. Har ya ciro alƙalami zai sa hannu, sai ya ce, "Ka san Garikai?"

Nan take fuskar Tonderai ta canza.

"Baba, kada ma ka taka can. Izininsa na bogi ne. Bara ya harbi ɓauna bai mutu ba, ya bar baƙonsa a daji, shi ya ruga mota. Wannan ko akuya ce ta ɓata, sai ya nemo mai duba."

Ko ɗaya ba gaskiya ba ne. Yana faɗa yana jin wani sanyi a ransa.

Anselmo ya mayar da alƙalamin aljihu.

"Daga wurinsa nake," ya ce. "Kwana biyu na yi can, na ga takardunsa da idona. Shi ya ce mini bana ruwan yankinsa ya ƙafe, garken ya gangaro wajenka. Ya ce idan ɓauna nake so, in zo wurin yayansa Tonderai, don a bayanka ne kawai zai shiga ciyawa hankalinsa kwance."

Dattijon ya miƙe tsaye, ya ƙara da cewa:

"Ɗana, idan ɓauna ya ji rauni ya shige duhuwa, maganarka kaɗai zan bi. Yanzu ta yaya zan yarda da ita?"

"Baba, tsaya mu yi magana. Zan rage maka..."

"Ba farashi ne ya hana ni ba."

Dattijon ya koma ya shaida wa Garikai zai jira baɗi, ko da ƙafafun sun ƙara nauyi. Da shekara ta zagayo ya dawo, wurin Garikai ya sauka, kuma da abokansa uku ya zo.

Abin da ya fi cin Tonderai shi ne, Garikai ya ji duk abin da aka faɗa a kansa, bai taɓa tayar da zancen ba. Da suka haɗu a gidan mai, shi ya fara miƙo hannu.

"Yaya, ina su Rudo? Ɓaunayen suna nan wajenka?"

"Suna nan," in ji Tonderai, idonsa a ƙasa. "Masu zuwa ne babu."

Darasi: Mai hassada yana zaton wani yake ɓatawa, alhali kansa yake tona wa asiri. Wanda kake zagi a bayan idonsa, wataƙila shi ne ya turo maka alherin da ke gabanka. Ku tura wa 'yan uwa da abokan sana'a, ko wani zai kama bakinsa kafin ya kori rabonsa.