Gidan da Bai Koyi Tsayawa Ba

Ranar Talata, takwas ga Satumba, 1992, gari ya waye da yayyafi, hadari bai gama watsewa ba. Malama Lantana, wadda ta yi ritaya daga koyar da kimiyya, ta tsallake kwatami ta shiga zauren Tanimu, Dagacin Rafin Ɗinya. Taubashinta ne, ɗan ƙanwar mahaifinta, don haka ita kaɗai ke iya faɗa masa abin da fadawa ke haɗiyewa.

Ta san abin da rawaninsa ya rufe. Wani ƙari ne ya fito masa a wuya. Sau biyu wanzami yana tsaga shi, yana dawowa. Likita ya ce ciwon daji ne, a garzaya babban asibiti. Tanimu ya rubuta wa ɗansa Iliyasu da ke Kaduna ya zo ya kai shi, sannan ya cusa wasiƙar a aljihu bai aika ba.

Ta ce, "Bawana, an ce takardar nan ta kusa yin tsiro a aljihunka."

Ya ce, "Uwargijiyar da ba ta ciyar da bawa! Ke Lantana, likitan da bakinsa ya ce ba wata ƙwayar cuta ce ta shige ni ba, naman jikina ne. To, nama ya taɓa cin mai shi?"

Ta shimfiɗa gefen mayafinta ta zauna. "Ashe ba ka ji labarin garin Tsari ba?"

"Yaya labarin yake?"

Ta ce:

An yi wani gari mai suna Tsari, inda gida ba ya rabuwa biyu sai da ƙa'ida. Idan ɗa zai fita gandu ya kafa nasa, sai in gari ne ya nemi ƙarin gida. Sannan a duba ko rumbu zai ɗauki tukunya biyu. Daga ƙarshe ya je gaban wani tsoho a bakin kasuwa ya biya dokokin gari da ka, yadda ubansa ya koya masa. In ya yi tuntuɓe, tsohon ya gyara masa. In kuskuren ya ƙi gyaruwa, a rushe shirin, shi da kansa zai kwashe tubalinsa.

Ana nan, tsohon ya fara kurumcewa, ba a kula ba. Wani saurayi ya zo biyawa, ya tsallake doka ɗaya, wadda ta ce idan maƙwabci ya ce katangarka ta taɓo tasa, ka tsaya. Ba mugunta ya yi ba, mantuwa ce. Tsoho ya gyaɗa kai. Saurayi ya koya wa 'ya'yansa abin da ya sani, su ma suka koya wa nasu, kowane da ɗan ƙarin tuntuɓensa. Jikoki suka daina jiran gari ya nema. Suka gine lungu, suka gine hanyar rijiya, suka karkato da ruwan unguwa zuwa gidajensu. Ba sa noma, ba sa saƙa, sai ci da gini.

Aka kai ƙara wurin sarki. Ya ce, "Da mahara ne da na sa a buga tambari. Waɗannan jininmu ne. A rushe ɗakin da ya tare hanya, ya isa."

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce, "Ranka ya daɗe, kada ka yi irin ta mai duma."

Sarki ya ce, "Me mai duma ya yi?"

Ta ce, "Wani mutum ne ya shuka duma a gindin ɗakinsa don ya sami ƙwarya. Duma ya hau jinka, ya yi yaɗo har ya rufe ƙofa. Matarsa ta ce ya kira masu haƙa su bi saiwar. Ya ce, 'Ni na shuka abina, in tara wa kaina jama'a a kan duma?' Kullum ya zare wuƙa ya datse abin da ya tokare masa ido. Shi kuwa yaɗon da ya bi bayan ɗaki, duk inda ya taɓa ƙasa sai ya kafa sabuwar saiwa. Ran da jinka ta rufta, aka tarar duman ya kai rumbu, ya kai turken akuya, ba a san ma ina ne gindinsa ba. Ranka ya daɗe, wuƙa ganye take gani."

Lantana ta juya tana kallon ruwan da ke ɗiga daga indararo.

Tanimu ya ce, "Sarkin ya ji maganarta?"

"Ya ji, amma sai bayan damina biyu. Kafin nan 'yan gidan saurayin sun bi rafi sun sauka a kowace unguwa. Da ɗan gari akan ci gari, Dagaci. Jikinka ma gidaje ne ƙanana da ido ba ya gani, kowane yana rabuwa biyu in an buƙata, yana tsayawa in an ce ya isa. Na wuyanka sun manta tsayawa. Askar wanzami kuwa ɗakin da ya tare hanya kawai take rushewa."

Ya kai hannu ƙarƙashin rawani, ya daɗe bai sauke ba. "Na wuyana sun bi rafin?"

"Ban sani ba. Ni alli na riƙe, ba allura ba. Masu sani suna can inda ka ƙi zuwa, kuma kowace safiya tambayar tana ƙara tsada."

"In na tafi, gari duk zai ji."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Gara su ji kana asibiti da su ji sanarwa daga masallaci."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Bakinki dai ba alheri, tun muna yara."

Ya zaro ambulan ɗin, duk ya yamutse, gefensa ya yi baƙi da zufa. Ya miƙa mata. Ta ƙi karɓa.

"Uwargijiya ba ta yi wa bawa aike. Tashi."

Ya nemi lemarsa. Suka bi gefen hanya suna kauce wa taɓo har gidan waya. Ya lashi kan sarki ya manna da babban yatsa, ya tsaya gaban akwatin kamar mai jiran wani ya hana shi. Ya saki wasiƙar, suka ji faɗuwarta a ciki.