Gawar Jatau Baduku

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai suna Nomau, a wani gari da ke kan hanyar fatake. Wata safiya zai tafi gona, sai ya lura kajin maƙwabcinsa Jatau baduku suna ta kuka a akurki, ba a buɗe su ba. Ya yi sallama, shiru. Ya ɗaga asabari, ya tarar rai ya yi halinsa.

To ku saurara. Jatau baƙo ne, ba mata, ba ɗa, kuma kowa ya san maganarsa: shi bai yarda akwai Allah ba. Nomau ya yi masa nasiha har ya gaji. Kullum amsar ɗaya ce: "Maƙwabci, ni na duba ban ga kowa ba. Miƙo takalminka in ɗinke."

A garin nan kowane addini da maƙabartarsa, kuma ba a ba gawa ƙasa sai an san ta wace ƙungiya ce. Saboda haka manya suka taru a gindin tsamiya.

Liman ya ce, "Allah ɗaya ne, babu abin da ya yi kama da shi. Wanda ya musa wannan ba zai kwanta cikinmu ba."

Barau, dattijon Maguzawa, ya ce, "Mu ma mun san yana can sama, nisa dai ya yi, shi ya sa muke bi ta iskoki. Jatau har iskokin dariya yake musu."

Wani falke Kirista ya ce, "Mu Uba muke kiransa. Wanda ya ce ba shi da uba, ina za mu kai shi?"

Sai mai unguwa ya ce, "Ai ƙin yarda ma yarda ce. Ya riƙe abinsa har ya mutu. A kira shi addini, a yanka masa fili."

Barau ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, in na ƙi noma bana, sai a ce na shuka ƙi? Ina ɗakin ibadarsa? Wa ke binsa?"

Haka aka yi ta yi. Addini ne, ba addini ba ne. Addini ne, ba addini ba ne. Rana ta take, ƙudaje suka fara taruwa a asabarin Jatau.

Nomau ya matso ya durƙusa. "Allah gafarta malam, zafi fa ya yi yawa."

Liman ya ce, "Dakata, Nomau, ba mu gama ba. Ko kai ma ra'ayinsa gare ka?"

Aka yi dariya. Maganar ta soke shi, don ya san in ya taɓa gawar nan, wasu ba za su ƙara tsayawa kusa da shi a sahu ba. Ya miƙe. Sannan ya koma gidan Jatau, ya buɗe kajin, ya naɗe Jatau a gwadonsa, ya ɗora a jaki. A ƙarshen 'yar gonarsa ya tuge dawa mai kai gwiwa, ya haƙa rami shi kaɗai. Bai yi masa salla ba, don ya san iyakarsa. Ya dai rufe shi, ya jera ƙaya saboda kuraye.

'Yan'uwa, mu ma haka muke. Muna kwana muna tashi a kan wane kafiri ne, wane ɓatacce ne, alhali maƙwabci yana kwance ba wanda ya leƙa. Hisabin zuciya na Allah ne. Haƙƙin maƙwabci kuwa a wuyanka yake, ko ya yarda da abin da ka yarda, ko bai yarda ba. Ka riƙe imaninka da kyau, amma kada gardama ta sa ɗan Adam ya ruɓe a gabanka.

Da la'asar Nomau ya biyo ta gindin tsamiya, ƙasa har gira. Mai unguwa ya kira shi: "Yawwa, zo ka raba mana. Kai da ka zauna da shi, addini ne ko ba addini ba?"

Nomau ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ja jakinsa ya wuce.