Maroƙa a Ƙofar Banki

Wai an taɓa baza jita-jitar bankin wani gari zai karye, kowa ya ruga kwashe kuɗinsa. Hakimi ya kira Tabawa mai koko.

"An ce kin iya wayo. Ki tsayar da su, ban da rufe ƙofa, ban da ƙarya. In kin kasa, ki bar kasuwata."

"An gama, ranka ya daɗe."

Ta jera maroƙa a bakin ƙofa. Duk wanda ya fito sai su kwarma: "Ga mai sababbin kuɗi! Dangi ku matso!" Nan take layi ya watse, kowa na tsoron dangi su san ya kwaso kuɗi.

Can ta hango Hakimi ta ƙofar baya, ya lallaɓo kwasar nasa.

"Ranka ya daɗe, in kira maroƙan?"

"Ke, rufa mini asiri! Ajiya na kawo!"