Injin Ɓarar Gyaɗa na Kurege

Ga ta nan tafe, ku gyara zama.

Shekarar da yunwa ta sa Kurege ya fara ganin haƙarƙarinsa, Zaki ya kafa doka: duk wanda ya ƙirƙiro inji, nasa ne shi kaɗai, ba mai kwaikwaya. Amma sai injin ya yi aiki, sai kuma mai shi ya yi bayanin da wani zai iya ƙera irinsa.

Kurege ya samo akwati marar gindi, ya maƙala masa hannun juyawa, ya kife shi a bakin raminsa. Ya naɗa rawani, ya sa tabarau, ya kira alƙali Giwa.

"Ni ne Injiniya, uban ƙarfe! A zuba gyaɗa. Sai dai injina da kunya, ba ya aiki a gaban mai shi."

Ya zaga bayan kargo, ya bi ta rami ya shige akwatin. Kura tana juya hannu, shi yana ɓara da haƙori yana turowa. Rabi ya fito, rabi ya wuce cikinsa.

"Ina sauran?" in ji Giwa da Kurege ya dawo.

"Man inji ke nan, ranka ya daɗe."

"Me ke ciki?"

"Sirri."

Giwa ya ce ba a ba sirri hatimi. Ran Kurege ya ɓaci, don ya riga ya hango gyaɗar dajin duka tana bi ta akwatinsa. Ya ɗaukaka ƙara.

Da gari ya waye, Zaki ya zauna, ya kira Ɓauna maƙeri, ya dubi Kurege. "Yi masa bayani, ya ƙera, mu gwada."

Bakin Kurege ya buɗe. "A bar gindi a buɗe, don iska. A ciki kuwa haƙoran ƙarfe, sama da ƙasa, masu kaifi, masu juyi kamar guguwa!"

Ɓauna bai san ƙarya ba. Abin da aka faɗa masa, shi ya ƙera, bai rage ko ƙusa ba.

Da gari ya waye, aka kife sabon akwati inda Kurege ya nuna. Ya ce injin da kunya, ya zaga, ya shige. Kura ta kama hannu da ƙarfinta duka.

Gashi ya fara fitowa, sai tabarau, sai ihu. Akwatin ya kife, Kurege ya yi waje da rabin wutsiya, ƙura na bin sa.

Zaki ya duba gashin, ya ce, "Bayani ya cika. Amfani ne babu, don ba wanda ya nemi a ɓare masa kurege. An kori ƙara."

Daga can cikin rami Kurege ya ɗaga murya: "Ku dai shaida, ni na ƙirƙiro shi! Duk wanda ya kwaikwaya, mu haɗu a kotu!"

Ƙurunƙus kan Kurege, da abin da ya saura na wutsiyarsa.