Igiyar Ladan Tsalha

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ba a san agogo ba, ana ce masa Nomau. Ɗinkin ƙwarya ne sana'arsa. Bawan Allah ne talaka, ba sarauta, ba dogon karatu, in ya shigo taro ma ba mai matsa masa tabarma. Ku riƙe sunansa.

A unguwarsu akwai wani tsoho, Ladan Tsalha, shekara talatin yana kiran salla. Matarsa ta rasu, shi kaɗai ne a gida. Wata damina zazzaɓi ya kayar da shi. Ya warke, amma rannan asuba ta yi ba a ji muryarsa ba, unguwa duk ta makara. Dattawa suka ce ai tsufa ne, a hutar da shi, suka sa wani. Kunya ta hana kowa zuwa ya faɗa masa. Da azahar tsoho ya taho, sai ya tarar da wani tsaye a wurinsa, yatsu a kunne. Ya juya gida, bai sake fitowa ba.

To, kun san mu da tausayi. Aka yi ta aika kwanon tuwo, kwano yana dawowa yadda ya tafi. A yi sallama a ƙofa, shiru. Maida abinci kuwa a wurinmu zagi ne, ƙin amsa sallama ya fi shi. Kafin wata guda magana ta bazu cewa Ladan ya taɓu. Mai unguwa ya yanke: ranar Juma'a za a kai shi wurin mai magani a sa masa mari a ƙafa.

Nomau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana bakwai da shi."

Mai unguwa ya ce, "Kai da ƙwarya ka sani, yaushe ka zama mai magani?"

Ya ce, "Ba ni da magani. Amma ban taɓa sa allura a ƙwarya ba sai na gano inda tsagar ta faro."

Aka yi dariya, aka ba shi.

Ku saurara, jama'a. Bai tafi da tuwo ba, bai tafi da nasiha ba. Ya kwashi ƙoren da zai ɗinke ya zauna a tsakar gidan tsoho, yana aikinsa. Rana ta farko Ladan ya harare shi. Ta biyu ya juya masa baya. Ta uku ya turo masa buta da ƙafa, Nomau ya yi alwala. Kwana uku sun tafi, mutane suna yi wa Nomau ba'a a hanya, wai mahaukata sun zama biyu. Ya haɗiye, wallahi da zafi, amma ya haɗiye.

Rana ta huɗu ƙwarya ta suɓuce masa ta faɗi a bayan tsoho, ƙwal! Kaji suka watse. Ladan ko motsi bai yi ba. Nomau ya zagayo gabansa, ya kai baki dab da kunnensa ya ce, "Baba Ladan, tun yaushe?"

Tsoho ya fashe da kuka. Ya ce, "Tun zazzaɓin nan. Zakara ne yake tashe ni shekara talatin, yanzu ba na jin zakara. Sau ɗaya na makara, Nomau, sau ɗaya! Ba wanda ya tambaye ni. Sai tuwo, kamar tuwo na rasa."

Da ni ne, ko ku, da mun ruga mun shelanta wa gari cewa mun gano. Shi bai yi ba. Ya ce, "Baba, me kake so a yi? Kuma wa ka yarda ya sani?"

Tsoho ya ce, "Kiran asuba nake so. Azahar da la'asar inuwa tana nuna mini, magariba da isha ido ya ishe ni. Asubar ce ta gagare ni."

Suka zauna suna lissafa maƙwabta. Ladan da kansa ya ambaci Barau mahauci, wanda dangarsu ɗaya, mai tashi tun kafin zakara don ya tafi mayanka. Da izinin tsoho Nomau ya je wa Barau, ya je wa mai unguwa. Aka zura igiya ta cikin danga, bakinta ɗaya a ɗakin Barau, ɗaya a ƙafar Ladan, in Barau ya tashi ya ja ta.

Asubar farko, shiru. Mai unguwa ya ce, "Na faɗa muku." Saura kwana ɗaya. Nomau bai yi gardama ba, ya bi igiyar da hannu har ya tarar da inda akuya ta cinye ta, don ta rama ce. Barau ya yanko ta fata, aka ɗaga ta sama. Asubar Juma'a, ranar da za a sa masa mari, unguwa ta farka da muryar Ladan Tsalha. Har da ƙarin ƙarfi, tunda shi ba ya jin kansa.

Nomau ya riƙa leƙawa kullum, sannan ranar kasuwa kawai. Rannan ya ce, "Baba, daga yau sai dai mu gaisa a masallaci. Kana da Barau, kana da jama'arka." Ya kwashe ƙorensa. Gari ya yi ta yabon mahauci da dabarar igiya, Nomau kuwa ya ci gaba da ɗinkinsa.

Jama'a, abin da nake so ku tafi da shi ke nan. Taimako ba ya farawa da bayarwa. Ka zauna har mutum ya saba da kai, ka duba, ka tambaya, ku yanke shawara tare da mai matsalar. In an yi, ka koma ka ga ko ta yi, in ya miƙe ka janye, kada ka ɗaure shi a jikinka. Ku masu aikin jin daɗin jama'a, da ku masu tsoho a gida, akwai wanda kuka daɗe kuna aika wa kwano. A cikinku wa ya taɓa zama ya tambaye shi abin da ya rasa? Mutanen garin nan ba mugaye ba ne, masu tausayi ne kamarmu, kuma saura kwana ɗaya su ɗaure ladaninsu. Allah Ya sa mu tambaya kafin mu yanke.