Ɗakuna Uku a Hayin Rafi

Akwai wani manomi a wani gari, mutum ne mai ƙwazo, amma ba shi da haƙuri ko kaɗan. Kun san irin mutumin nan da in ya zauna ƙafarsa ba ta daina rawa. To, shi ke nan.

Mai garinsu ya sa an gina ɗakuna uku a hayin rafi, nesa da gidaje, domin in baƙuwar cuta ta zo a keɓe mai ita a can. Ya kuma kafa doka: kowace shekara kafin ruwan fari, kowane magidanci zai kawo dami biyu na ciyawa, ya ba da kwana uku a gyara jinka, ya zuba kwanon gero a rumbun wurin. Aka sa wata tsohuwa ta kula da ɗakunan. Ita ta taɓa yin agana tana yarinya ta tashi, zanzana duk fuskarta, cutar ba ta sake kama ta.

Abin nan ya tsaya wa manomin a rai. Lokacin sharar gona fa ake kiran gayyar! Yana bisa jinka yana ɗaure ciyawa, idonsa na can gabas wajen hadari, bakinsa bai huta ba.

"Kai, wannan wahala da me ta yi kama? Muna yi wa gara da ƙadangaru baibaya, gonakinmu na jira!"

Shekara bakwai ana haka, ba wanda ya kwana a ɗakunan. A ta takwas, agana ta ɓarke a garuruwan arewa. Ran nan wani baƙo ya iso ƙofar gari da ƙunshi a hammata, jiki duk ƙuraje, ko magana ba ya iyawa. Mai tsaron ƙofa ya kai shi hayin rafi. Tsohuwar ta yi jinyarsa kwana tara, ya rasu. Ta ƙone tabarmarsa da kayansa, ita ma ta zauna can kwana arba'in ba ta shigo gari ba. Ko mutum ɗaya bai kamu ba.

Kuna tsammani manomin ya gode? Ina! Sai ma ya ƙara tashi tsaye. Ya bi gida gida yana zuga mutane a rushe ɗakunan, har aka taru a ƙofar mai gari.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "ga shi an gani. Ina annobar da ake ta tsoratar da mu? Ba ta zo ba. Shekara takwas muna zuba gumi saboda mutum ɗaya, shi ma ba namu ba, kuma bai rayu ba. A sake mu mu yi noma."

Mutane suka fara gyaɗa kai. Ashe tsohuwar tana gefe, ranar ce ta fito.

"Ɗana," ta ce, "ka san wurin wa baƙon nan ya zo?"

"Ina zan sani, Iya?"

"Da bakinsa ya buɗe, sunanka ya yi ta kira. Yayarka da ke aure a arewa ce ta aiko shi barka, ta ji matarka ta haihu. Zanen goyo ne a ƙunshin. Da hannuna na sa masa wuta."

Manomin ya ƙirga kwanaki a ransa. Ya tuna a makon nan jaririyarsa kwananta biyar a duniya, da a ce baƙon ya iso gidansa kuwa, shi da kansa zai shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya karɓi zanen ya miƙa wa mai jego. Tsoro ya kama shi, ya zauna a ƙasa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, shiri in ya yi aikinsa, kamar asara yake zama a idon mutum. Ɗakunan nan su ne gadajen asibiti da hukuma take ajiyewa ba kowa a kai, da maganin da ake tanadi, da allurar rigakafi, da ma'aikatan da ake koya wa aiki saboda ranar da ba ma fatan ta zo. Da guminmu ake yin su, gaskiya ne, kuma da nauyi. Ku tambayi shugabanni ko an yi aikin da gaske, wannan hakkinku ne, ni ma ina tambaya. Amma kada in ji kuna cewa, "Tun da cutar ba ta zo ba, me ya sa muka wahala?" Haka muke yi wa Ubangiji ma. Muna ƙirga abin da muka bayar, ba mu san masifun da ya tare mana a ƙofar gari ba.

In an tashi, kowa ya dubi 'ya'yansa da kyau. Wataƙila akwai wanda yake raye yau saboda aikin da ka yi kana gunaguni.